Baki na zuma, ciki na maɗaci: koyon Turanci da littafin Theatre na Maugham

A tsakiyar Theatre, ƙagaggen labari na marubucin Ingila W. Somerset Maugham, akwai wata 'yar wasiƙa da ba ta fi layi kaɗan ba. Julia Lambert, fitacciyar 'yar wasan dandamali ta Landan, ita ce ta rubuta wa wani matashin akanta mai suna Tom Fennell a jajibirin ranar da zai bar gidanta na hutu da ke Taplow, a bakin kogin Thames. Ta sa kuɗi a ambulan, ta ce ga abin da zai ba barorin gida kafin ya tafi, tunda ba za ta gan shi da safe ba, sannan ta lissafa masa rabon kowane bara, har da direba. Ɗalibin da ya gama sakandare ba zai buɗe ƙamus a kan wasiƙar nan ba. Zai karanta ya ce kai, matar nan akwai kirki. Sai ya juya shafi ya tarar Tom ya fusata, ya tattara kyaututtukan da ta taɓa ba shi ya mayar mata, ɗalibi kuwa ya rasa inda aka yi faɗan.

A cikin wasiƙar aka yi shi. A al'adar manyan gidajen Ingila na wancan zamani, baƙon da ya kwana yakan yi wa barori ɗan alheri daga aljihunsa, kuma wanda ya tashi a gidan mutunci ya san nawa ake bayarwa ba sai an karanta masa ba. To Julia ta gaya wa yaron nan abu biyu ba tare da ta furta ko ɗaya ba: kai matalauci ne, kuma ba ka san zaman manya ba. Haushinta shi ne ta gayyato shi don kanta, shi kuwa ya ƙarar da hutun wajen yawo da ɗanta Roger. Wannan tazara da ke tsakanin abin da Bature ya faɗa da abin da yake nufi, ita ce babbar ribar da na ga mai koyon Turanci zai ci a littafin nan. Kalmomi da nahawu ana samunsu a ko'ina, amma wannan darasi ba kowane littafi ke bayar da shi a fili haka ba.

Akwai dalilin da ya sa Turancin Maugham ke karɓar baƙo hannu biyu. Sunan nasa ma, ana kiransa “Mom” ne da jan wasali, sauran baƙaƙen duk ba a furta su. An haife shi a Faris a 1874, a ofishin jakadancin Birtaniya, kuma da Faransanci ya fara magana. Yana ɗan shekara 10 ya zama maraya, aka kai shi wurin baffansa, limamin coci a Whitstable da ke yankin Kent, inda ya yi fama da i'ina da tsokanar yara. Ya karanta likitanci a asibitin St Thomas na Landan ya gama a 1897, shekarar da littafinsa na farko ya fito, daga nan ya ajiye aikin asibiti ya kama alƙalami. Mutum ne da ya zauna ya koyi rubutu da gangan kamar yadda ake koyon sana'a. A littafinsa The Summing Up na 1938 ya ce abu uku yake nema a rubutu: magana ta fito sarai, ta zo da sauƙi, ta yi daɗi a kunne. Masu sharhin adabi na zamaninsa da yawa sun rage masa daraja saboda wannan sauƙin, suna cewa yana yawan ɗauko maganganun da bakin kowa ya riga ya saba da su. Abin da suka ɗauka aibi shi ne abincin mai koyo, domin maganar da bakin kowa ya saba da ita ita ce wadda za ka sake ji gobe.

Sannan ya san gidan wasa ciki da bai. A 1908 wasanninsa huɗu ake nunawa a lokaci guda a manyan gidajen wasa na Landan, ya kuma ci gaba da rubuta wasanni har zuwa wasansa na ƙarshe, Sheppey, a 1933. Theatre ya fito a 1937, bayan ya yi sallama da dandamali. Wanda ya shekara talatin yana sauraron yadda jimlarsa ke fita daga bakin ɗan wasa ya san wadda numfashi zai ɗauka da wadda za ta sarƙe harshe, shi ya sa hirarrakin littafin ke karantuwa da ƙarfi ba tare da tuntuɓe ba. Malaman Turanci a Rasha sun daɗe da gane haka. An sha buga littafin a can da Turancinsa tare da bayanin kalmomi don ɗalibai, kuma labarin ya shiga gidajen mutane ta fim ɗin da aka yi a Latbiya a 1978, wanda Vija Artmane ta fito a matsayin Julia.

Kada dai a ɗauka sauƙin salo na nufin kowa zai iya ɗauka ya wuce. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi na jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya yi ƙiyasi a 2006 cewa mai son karanta ƙagaggen labarin Turanci ba tare da taimako ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, don ya san kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafi. Ko a hakan, kalma ɗaya cikin kowace 50 baƙuwa ce. Wanda bai kai nan ba zai iya shiga littafin, amma da shiri, kuma zan zo kan shirin.

Yanzu ga abin da ya bambanta littafin. Maugham yana da wata dabara da yake yawan yi wa Julia: sai ta faɗi magana a fili, nan take kuma ya buɗe baka biyu ya rubuta abin da take cewa a zuci. Mijinta Michael Gosselyn, kyakkyawan mutum mai tsumulmula wanda ke tafiyar da gidan wasansu na Siddons, zai yi ta zuba a kan abin da ya dame shi, ita tana murmushi tana amsa masa da kalmomin ƙauna, cikin baka biyu kuwa tana kiransa wawa. Haka take yi wa Lord Charles Tamerley, basaraken da ya shekara ashirin yana sonta daga nesa. Haka take yi wa Dolly de Vries, attajirar da ta zuba jari a gidan wasan. Mai karatu yana samun harshe biyu a layi ɗaya: Turancin falo mai ladabi, dogayen jimloli da tausasa murya, da kuma Turancin zuci, gajere, mai kaifi, cike da zagi da karin maganar titi. Malamin aji zai iya shekara yana bayanin cewa akwai Turancin girmamawa da na sabo, amma a nan ga su kafaɗa da kafaɗa, daga baki ɗaya, a kan mutum ɗaya, a minti ɗaya.

Bahaushe ya fi mutane da yawa shirin fahimtar wannan. Mu ne ake tambayar mara lafiya ya jiki ya ce da sauƙi alhali bai runtsa ba. Mu ne ke cewa ba komai a lokacin da komai ɗin ya cika ciki. Muna da kara da alkunya, muna da habaici da gugar zana da shaguɓe, mun san yadda kishiya ke yaba girkin kishiya. Matsalar ita ce idan muka shiga Turanci sai mu ajiye wannan kunnen a bakin ƙofa. Makaranta ta koya mana Turanci a matsayin harshen jarrabawa da ofis, wanda kowace jimla ke da ma'ana ɗaya da za a zaɓa tsakanin amsoshi huɗu. Sai mutum ya girma yana jin Turanci sosai, amma idan Bature ya ce masa shawararsa “interesting” ce, sai ya tafi gida yana murna, alhali wataƙila an sallame shi ne cikin ladabi. Theatre yana tilasta wa mai karatu ya koma bakin ƙofa ya ɗauko kunnen nan nasa na Hausa ya shigo da shi. Kuma Maugham ba ya ci gaba da riƙe maka hannu har abada. Akwai wurare da yawa, irin wasiƙar Taplow, da za ka ji maganar fili kawai, sai dai abin da ka koya a baya ya gaya maka inda ƙayar take.

Dubi ziyarar da Julia ta kai gidan iyayen Michael tun suna samari. Uban tsohon kanar ne na soja, gida ne mai ji da mutuncinsa, ita kuwa 'yar likitan dabbobi ce daga tsibirin Jersey, kuma 'yar wasa. A Ingila ta wancan lokaci sana'ar ba ta daɗe da fara samun daraja ba, domin sai a 1895 aka fara ba ɗan wasa sarautar “Sir”, wato Henry Irving. Julia ta karanci gidan da ido ɗaya, ta shiga rigar yarinya mai kunya, mai sunkuyar da kai, mai son zaman gida, har tsofaffin suka ƙaunace ta. Duk wanda ya san irin kallon da ake yi wa 'yar fim a garuruwanmu idan maganar aure ta taso ba ya buƙatar sharhi a nan. Abin da mai koyo zai lura da shi shi ne yadda kalmominta suka sauya a gidan, suka gajarta, suka yi laushi. Shekaru bayan haka, da ta zama tauraruwa tana cin abinci da matan sarauta, sai ta koma tana shelar sana'ar ubanta da kanta, domin a wannan teburin abin ya zama ado.

Kalmomin sana'ar wasa su ne tarko na biyu, kuma haɗarinsu shi ne sun yi kama da waɗanda ka sani. “House” a bakin Michael ba gini yake nufi ba, 'yan kallon da suka cika kujeru a daren yake nufi. “Notices” sharhin da jaridu suka yi wa wasa ne washegari. “Run” yawan makonni ko watannin da wasa ya yi ana nuna shi. “Lines” maganganun da ɗan wasa ya haddace, “part” kuma rawar da aka ba shi. “Wings” gefe biyu na dandamali ne, inda ɗan wasa ke laɓewa kafin ya fito. Kujerun ma suna da martaba: “stalls” na gaba a ƙasa na masu hali ne, “pit” da ke bayansu da “gallery” can sama na masu ƙaramin ƙarfi, don haka idan aka ce daga ina tafi ya taso, an gaya maka su wane ne suka yaba. Duka ba su fi kalmomi 30 zuwa 40 ba, kuma wanda ya rubuta su a takarda ɗaya tun farko ya huta.

Ɗaya daga cikinsu ta cancanci a tsaya a kanta, domin ƙarshen labarin a kanta ya rataya. A da, dandamalin gidajen wasa na Turai yana da ɗan gangare, bayansa ya fi gabansa tudu, don na nesa su gani. Saboda haka ake kiran can ciki “upstage”. Idan 'yan wasa biyu na magana, ɗaya ya ja da baya zuwa can ciki, dole ɗayan ya juya ya fuskance shi, ya ba 'yan kallo ƙeya, muryarsa ta tafi bango. Daga nan kalmar ta zama aikatau mai ma'anar ƙwace wa wani idon jama'a, kuma har yau ana amfani da ita a siyasa da biki da ofis. Wannan shi ne abin da Julia ta yi wa Avice Crichton, matashiyar da Tom ya koma so. Ta amince a ba yarinyar rawa a sabon wasansu, ta lallaɓa ta duk tsawon gwaji, sai a daren farko, a daidai wurin da yarinyar za ta yi fice, Julia ta zaro wani babban jan hankici tana wasa da shi har idon kowa ya koma kansa, ta kuma ja da baya ta sa ta juya wa jama'a baya. Wanda bai san gangaren dandamali ba zai karanta babin nan ya ga mata biyu suna aikinsu. Wanda ya sani zai ga kisa da rana tsaka.

Maganar kuɗi kuwa, a nan mai karatu daga Arewacin Najeriya ya fi matashin Landan na yau gata, in dai yana da kaka a gida. Birtaniya ta bar tsohon lissafinta a 1971, Najeriya ta koma naira a 1973, amma sunayen na nan a bakin tsofaffi: fam sule 20 ne, sule kwabo 12, sisi rabin sule, taro rabin sisi. Abin da za a ƙara kawai shi ne “guinea”, wato fam ɗaya da sule ɗaya, kuɗin da ake yanka wa likitoci da masu ɗinkin manya, da “half a crown”, sule biyu da sisi. Lissafin nan yana da amfani, domin Michael mutum ne da ke auna komai da kuɗi, kuma ba za ka ji nauyin basussukan Tom ba sai ka san ƙimar abin da ake ambata.

Akwai kuma Evie, mai yi wa Julia hidima da shirya ta kafin wasa, wadda ke magana da harshen talakawan Landan. Tana haɗiye harafin “h” a farkon kalma, Maugham kuma yana sa 'yar waƙafi a sama a gurbinsa, don haka ƙamus ba zai nuna maka kalmar ba sai ka mayar da harafin. A karanta maganarta da ƙarfi, kunne zai warware abin da ido ya kasa. Ita ce kusan kaɗai a littafin da ke gaya wa Julia gaskiya a fuska, kuma ba na jin haɗari ne ya sa marubucin ya ba wa mai “karyayyen” Turanci wannan aikin.

Inda na ga masu karatu sun fi ɓacewa shi ne farkon littafin. Babi na ɗaya yana faruwa a rana ɗaya: Julia mai shekara 46 ta haɗu da Tom a ofishin mijinta, an ci abincin rana, ta ba shi hotonta. Daga nan ta zauna tana duba tsofaffin hotuna, sai labari ya koma baya shekaru masu yawa, ya yi babi da babi a can: ƙuruciyarta, tsohuwar 'yar wasan Faransa Jane Taitbout da ta fara koya mata, Jimmie Langton da ya horar da ita a ƙungiyarsa ta Middlepool, aurenta, Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ranar da ta ji son Michael ya fita daga ranta. Turanci yana nuna irin wannan komawa baya da “had” a gaban aikatau, amma marubuta sukan yi amfani da shi a bakin shiga kawai, daga nan su sake shi. Hausa ba ta gina lokaci haka, mu da “a lokacin” da “ya riga ya” da “dā” muke yi. Don haka a sa ido a mashiga da mafita, a kuma ja layi a inda labari ya dawo ɗakin hotuna.

Dole in faɗi abin da ke damuna game da littafin, domin ba zan miƙa wa ɗan'uwa abu in ɓoye masa rabinsa ba. Ginshiƙin labarin cin amanar aure ne, mace mai miji da yaron da bai girmi ɗanta da yawa ba, kuma Maugham ba ya yin wa'azi a kai, ba ya kuma hukunta ta a ƙarshe. Ba littafin da zan ba ɗalibin ƙaramar sakandare ba ne. Babba mai hankalinsa zai ga cewa marubucin bai ƙawata abin ba, ya nuna wulaƙancin da ke cikinsa, yadda mace mai daraja ta koma biyan bashin yaro don ya zauna. Sannan akwai ƙyamar zamaninsa, musamman yadda ake siffanta Dolly da Yahudancinta, da raina na ƙasa da ke yawo a bakin kusan kowa. Turancin kansa ma ya tsufa ta wasu wurare. 'Yan wasan Landan na 1937 suna kiran kowa “darling” kamar yadda muke cewa malam. Wanda ya kwashi wannan ya kai ofis a yau zai jawo wa kansa magana. A koyi jin waɗannan kalmomi, a yi hattara da furta su.

Shirin da na ambata ba mai tsawo ba ne. Littafin babi 29 ne, yawancinsu gajeru, ana iya gama ɗaya a zama guda. A karanta babi sau ɗaya ba tare da ƙamus ba, don a san wa ya yi me. A karo na biyu a duba kalmomin da suka maimaitu kawai, da waɗanda in ba su ba ma'ana ta tsaya. Sai aikin da na fi ba muhimmanci: duk inda Julia ta yi magana aka buɗe baka biyu, a rufe shi da yatsa, a rubuta da Hausa abin da ake zaton tana cewa a zuci, sannan a ɗaga yatsa. A farko za a yi ta kuskure. Wajen babi na goma sha wani abu za a fara cin karo da ita, kuma daga nan za a iya yi wa sauran mutanen littafin, waɗanda ba a buɗe mana cikinsu ba, irin wannan fassara. Fim ɗin Being Julia na 2004, wanda István Szabó ya ba da umarni Annette Bening ta fito, a bar shi sai an gama, domin ya sauya abubuwa, har Tom ma an mayar da shi Ba'amurke.

Gab da ƙarshe Roger ya zaunar da uwarsa ya gaya mata maganar da ta fi kowace nauyi a littafin, da kalmomin da ɗan aji uku ya sani. Ya ce ita ba kowa ba ce in ban da rawunan da ta taka, har idan ya ga ta shiga ɗaki ita kaɗai yakan ji tsoron buɗe ƙofa, kada ya tarar babu kowa a ciki. Bayan ta gama da Avice a daren farko, Julia ta ƙi zuwa liyafar Dolly, ta ƙi gayyatar Tom, ta tafi otal ɗin Berkeley ita kaɗai, ta zauna a lungu ta sa aka kawo mata gasasshen nama da albasa da soyayyen dankali da giya, abubuwan da ta daɗe tana hana kanta don kada ta yi ƙiba. A nan ta ba ɗanta amsa a zuci, cewa su 'yan wasa su ne na gaske, sauran jama'a kayan aikinsu ne. Babu wanda take yi wa magana a teburin, don haka babu fili da ɓoye da za a gwama. Na sha komawa kan shafukan nan ina neman ko wannan ce muryarta ta ainihi ko kuwa ta sami sabon ɗan kallo ne, wato ita kanta. Na fi karkata ga na biyun, saboda ko a zucin nata jimlolin sun fito a jere, da tashi da sauka da ɗan tsayawa a inda ya dace, kamar yadda Jane Taitbout ta koya mata tun tana yarinya.